Tambaya da Amsa: Ina so in ɗaura wa Hondata turbo

Tambaya: Assalamu alaikum Oga. Ni yaron gareji ne a Kaduna. Na sayi tsohuwar Honda Accord ƙirar 2004 mai injin lita 2.4. Tseren nan na Amurkawa, mota biyu gefe da gefe a miƙaƙƙen layi, ya shiga raina ƙwarai. Ina so in ɗaura mata turbo in gwada. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Sha'awarka ta burge ni, amma ka ajiye maganar turbo tukuna, shi ne na ƙarshe a layi.

Aikin turbo ɗaya ne: hayaƙin da ke fita daga injin ya juya farfela, ita kuma ta cusa iska cikin silinda fiye da yadda injin zai iya zuƙa da kansa. Iska ta ƙaru, dole mai ya ƙaru. A tafiyar yau da kullum injin fetur yana son kashi 14.7 na iska a kan kashi 1 na mai, amma in turbo ya fara turi sai an sauko wajen 12 ko ƙasa kaɗan, don man da ya ƙaru ya sanyaya cikin silinda. Ke nan kana buƙatar manyan nozul, famfon mai mai ƙarfi, da wanda ya iya sake saita kwamfutar injin. In ka tsallake wannan, mai zai riƙa fashewa ba a kan ƙa'ida ba, ka ji ƙara kamar an zuba tsakuwa a gwangwani, daga nan sai fistan ya ɓule.

Mu a nan abubuwa biyu ne suke ƙara mana wahala. Zafin watan Afrilu yana haura digiri 40, iskar da turbo ya matse kuma ta fi haka zafi nesa ba kusa ba, don haka sai da na'urar sanyaya ta kafin ta shiga injin, da lagireto lafiyayye. Na biyu, a gidajen manmu yawanci fetur iri ɗaya ne, ba ka da zaɓin mai jure matsi kamar yadda ake samu a Turai. Wannan kaɗai ya isa ya sa ka tsaya a turi kaɗan.

Injinka K24 ne, inji ne mai kyau, yana ba da ƙarfin doki wajen 160. Sai dai fistan ɗinsa na zubi ne, ba don matsin turbo aka yi su ba. Masu haɗa injin tsere suna canja su da ƙerarrun fistan da kwanrod masu kauri, wato sandunan da ke haɗa fistan da karanshaf. Ga wani ƙaramin abu da samari suke rainawa: ratar ringi, wato zoben da ke kewaye fistan. Ka sa ringin shi kaɗai a cikin silinda, ka tura shi da kan fistan ya zauna daidai, ka auna ratar da ke tsakanin bakunansa biyu. Injin turbo yana son ratar ta ɗan fi ta kamfani faɗi, ana goge ta a hankali da magagari. In ta yi kaɗan, zafi zai buɗa ringin, bakunan su haɗu, ya ɓalle gefen fistan. Abin da ya sa injin Toyota 2JZ na motar Supra ya yi suna a duniya shi ne gangar jikinsa ta baƙin ƙarfe mai ɗaukar matsi. Ƙarfin daga ƙasa yake farawa.

Shi kuwa tseren, tsawonsa rubu'in mil ne, mita 402. Wally Parks ya kafa ƙungiyar shirya irin wannan tsere mai suna NHRA a Kalifoniya a 1951 don a kwashe samari daga tsere a titi a kai su fili mai shinge, da masu duba mota da motar asibiti. A Ingila filin Santa Pod, tsohon sansanin jiragen yaƙi, ya buɗe a 1966. Ka lura, wasan motar da ake yi a kan titi ranar biki ba shi ne wannan ba, kuma ina roƙonka kada ka kusance shi. Rayukan mutane ne.

Abin da na fi so a tseren masu sha'awa shi ne ajin da kowa yake rubuta yawan sakan da yake sa ran yi a gilashin motarsa. Wanda motarsa ba ta da gudu shi ake fara saki, kuma in ka yi sauri fiye da abin da ka rubuta, ka faɗi. Mota irin taka, mai yin sakan 16 da 'yan kai, tana iya doke mai sakan 11 in direbanta ya iya tashi da zarar fitilar fara tsere ta kama kuma yana maimaita lokacinsa. Can gwanintar ƙafa a kan kuloci ta fi kuɗi tasiri.

Saboda haka ka fara da birki, taya da kuloci. Sannan ka ari ma'aunin matsi wurin maigidanka, ka dumama injin, ka cire fulogi duka huɗu, ka auna kowace silinda. In bambancinsu ya wuce kashi 10 cikin 100, gyara ne a gabanka. Ka rubuto mini lambobin guda huɗu, sai mu ga abin da za a saya a kasuwar Panteka da abin da sai an yi odarsa.