Kaskon da abinci ba ya kamawa, da hantar ɓeraye

Tambaya: Malam, ni mai tuyar ƙosai ce a Maraɗi. Ɗiyata ta sawo mini kaskon nan mai baƙin shafe da abinci ba ya kamawa, sai na ji a WhatsApp wai sinadarinsa ya sa wa ɓeraye ciwon dajin hanta. In yar da shi ne?

Amsa: Hajiya, akwai ƙamshin gaskiya a maganar, amma an gutsure ta. Sinadarin da ake nufi sunansa PFOA, ɗaya daga cikin dangin da ake kira PFAS. Masana'antu ke haɗa su da sinadarin fulorin, kuma ɗaurin fulorin da sinadarin kabon yana da ƙarfin da ruwa, rana da ƙwayoyin ƙasa ba sa iya kwance shi. Shi ya sa suke daɗewa a ruwa da jini. Ba su ne fulorin ɗin ruwan garin Tibiri, kusa da Maraɗi, da ya lanƙwasa ƙafafun yara ba. Wancan daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa ya fito.

Ga yadda ake gwajin. Ana zuba sinadarin cikin abincin ɓeraye kullum har shekara biyu, kusan tsawon rayuwarsu ke nan. A wani gwaji da aka buga a 2001, an sa miligiram 300 a kowane kilo na abinci. Hantar mazan ta ƙara girma, wasu suka yi ƙari a hanta, da gaɓar ciki mai fitar da insulin (sinadarin daidaita sukari a jini), da maraina. Wani babban gwajin gwamnatin Amurka da ya fito a 2020 ya sake ganin ƙari a hantar maza, da adadin da bai kai wancan ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne hanyar da yake bi. Bai cika lalata ƙwayar gado kai tsaye ba. Yana kama da kitse, sai ya taɓa wani makunni a hanta mai kula da ƙona mai, ƙwayoyin hanta su yi ta kumbura suna rabuwa babu hutu. In akwai ƙwayar da ta riga ta lalace, ita ma ta samu damar yaɗuwa. Da aka fara ba ɓeraye wata guba mai kunna ciwon daji, sannan aka bi su da PFOA, waɗanda suka kamu sun fi yawa. Wato wani ne ke kunna wutar, shi kuma ya hura.

To, hantar mutum ba ta amsa wannan makunni da zafi irin na ɓera. Sai dai kada wannan ya kwantar mana da hankali fiye da kima: ɓera na fitar da sinadarin cikin kwanaki, macen ma cikin awoyi, mutum kuwa sai shekara biyu zuwa huɗu kafin rabinsa ya fita. A 2023 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke birnin Liyon a Faransa ta sa PFOA cikin masu jawo ciwon daji ga mutum, kodayake a mutane alamun sun fi karkata ga ƙoda da maraina.

Shafen kaskonki ba PFOA ba ne, a wajen haɗa shafen aka riƙa amfani da shi, kuma yarjejeniyar ƙasashen duniya ta Sitokholm kan sinadarai masu guba ta hana PFOA tun 2019. Kada dai ki bar kaskon a wuta babu komai ciki, in ya fara ɓarewa ki koma wa na ƙarfe.

Ni a nan Maraɗi abin da nake ji wa hantarmu tsoro biyu ne: ciwon hanta nau'in B, da gubar fumfunar da ke kama gyaɗa da masara in an adana su da laima. Idan suka haɗu a jiki ɗaya haɗarin na ninkuwa sosai. Ki je asibiti a auna jininki, a yi wa jikoki rigakafi, ki kuma tambayi mai sayar miki da mai da ƙuli-ƙuli ko tana tsince baƙar gyaɗa kafin ta kai niƙa.