Rumbuna Bai Cika Ba: Ashe Ni Ba Ɗan Allah Ba Ne?

Tambaya: Ni manomi ne a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Sumaila, an yi mini baftisma tun ina saurayi. Bana wuta-wuta ta cinye mini dawa, abin da na ɗaure ba zai kai mu bazara ba. Wani mai wa'azi ya zo daga birni ya ce talauci alamar ƙarancin bangaskiya ce, wai ɗan Allah na gaske ba ya rasa, kowa ya kawo kuɗi ya "shuka iri". Akuya ɗaya ta rage mini. In sayar in kai? Kuma anya ina da ceto?

Amsa: Ɗan'uwana, sannu da wannan jarrabawa, Ubangiji ya ƙarfafa ka da iyalinka. Kada ka sayar da akuyar nan.

Maganar ceto ita ce ta fi damuna a wasiƙarka, domin an taɓa maka tushe. Afisawa 2:8-9 ta ce ta wurin alheri aka cece mu, ta hanyar bangaskiya, kyauta ce ta Allah, ba ladan aikinmu ba. Yohanna 1:12 kuma ta ce duk waɗanda suka karɓi Almasihu, suka gaskata da sunansa, ya ba su ikon zama 'ya'yan Allah. Ba a ambaci yawan damin da mutum ya ɗaure ba. Ɗan da aka haifa a gidanka, shekarar da rumbu ya cika da shekarar da ake auna tsaba da gwangwani, ai sunansa ɗanka. In ka tuba ka dogara ga mutuwar Yesu da tashinsa, kai ɗan gida ne, magaji kuma, kamar yadda Romawa 8:15-17 ta faɗa.

Ka duba gidan da Mai Cetonmu kansa ya tashi. Da Yusufu da Maryamu suka kai shi Haikali, tsuntsaye biyu ne hadayarsu (Luka 2:24), abin da Littafin Firistoci 12:8 ya yarje wa macen da ba ta da halin ɗan rago. Wa zai ce bangaskiyarsu ce ta gaza?

Ayar da masu "shuka iri" suka fi riƙewa ita ce 2 Korantiyawa 9:6, mai shuka kaɗan zai girbe kaɗan. Ina roƙonka ka sa a karanta maka sura ta 8 da ta 9 gaba ɗaya. Manzo Bulus gudummawa yake tarawa domin matalautan masu bi da ke Urushalima, ba domin aljihunsa ba. A 8:12-13 ya ce ana karɓar baiko gwargwadon abin da mutum yake da shi, kuma ba nufinsa ba ne a sauƙaƙa wa waɗansu a ƙuntata wa masu bayarwa. Wato a bana, kai ne irin mutumin da ake tara wa wannan baiko. Abin yana ci mini rai ƙwarai in ga an juya ayar da aka rubuta domin a ciyar da mai yunwa, ana karɓe abin hannunsa da ita. Lokacin da Siman mai sihiri ya miƙa kuɗi don ya sayi baiwar Allah, Bitrus ce masa ya yi kuɗinsa su hallaka tare da shi (Ayyukan Manzanni 8:20).

Wadar zuci kuwa ba naɗe hannu ba ce. Bulus yana kurkuku ya rubuta wa Filibiyawa cewa ya koyi zama da ƙoshi da yunwa, da yalwa da rashi (4:11-12), amma shi ɗin ne yake ɗinkin tanti don ya ci da kansa. Ka yi cin rani in ya kama, ka tara takin gida, ka tambayi malamin gona kan irin da ke jure wa wuta-wuta da yadda ake sauya shuka da wake ko gyaɗa. Abin da wadar zuci ke hana ka shi ne ka dubi rumbun maƙwabci ka yanke wa kanka hukuncin cewa Uba ya yashe ka.

Saura abu ɗaya, na san yana da nauyi ga magidanci. Ka je wurin fastonku da dattawan ikkilisiya ka faɗa musu halin da gidanka ke ciki, tun hatsin bai ƙare ba. Da aka yi yunwa a zamanin Kalaudiyas sarkin Roma, masu bi na Antakiya kowa ya ba da gwargwadon ƙarfinsa aka aika wa 'yan'uwa a Yahudiya (Ayyukan Manzanni 11:28-30). Haƙƙinka ne a kansu, ba bara ba ce. Ku kuma dattawan da ke karanta wannan, ku ware wani abu daga hatsin godiyar kaka domin irin waɗannan gidaje, ku kai musu da kanku kafin su buɗe baki.