Yadda ake cire tsohon mariƙin ƙofa mai ɓoyayyen noti

Tambaya: Assalamu alaikum. Na tare a wani tsohon gida a Samaru. Ƙofar ɗakin yara tana da mariƙin nan mai dunƙule kamar lemo, da maɓalli ta ciki da ramin makulli ta waje. Ya fara cijewa, har ranar nan yara suka yi kusan awa guda a kulle. Na sayo sabo a Sabon Gari, amma na duba tsohon ciki da waje ban ga noti ko ɗaya ba. Wani ya ce in sa guduma kawai. Yaya zan cire shi ban lalata ƙyauren ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ajiye gudumar tukuna. Notin yana nan, guda biyu ne ma, rufe su aka yi da gangan a ƙarƙashin faifan ƙarfen da ke manne da ƙyauren. Faifan ba zai fita ba sai mariƙi ya fita, shi kuma mariƙin wani ɗan ƙarfe mai sifirin ne ke riƙe da shi a wuya. Wannan ɗan ƙarfen shi ne duk aikin. Guduma kuwa, in ƙofar irin ta falanki ce mai rami a ciki, za ta fasa maka wurin da sabon zai zauna, ka koma sayen ƙyaure maimakon kuba.

Kafin komai, buɗe ƙofar ka sa mata ɗan katako ko bulo a ƙasa kada ta motsa. Kada ka yi sakaci da wannan. Idan mariƙi ya fita alhali harshen kuba, wato ƙarfen da ke leƙowa daga kaurin ƙofa ya riƙe ta a rufe, yana wurinsa, iska ta turo ƙofa ta rufe, kai ne za ka koma a kulle. Kayan aiki ba su da yawa: sukundireba mai faɗin baki ƙarama, wata mai kan gicciye, reza, tocila, ɗan kananzir ko man feshin sassauta tsatsa WD-40, da abu mai tsini wanda ba ya lanƙwashewa. Basillar dukawa ta fi komai dacewa, in babu, ƙusa siririya ta isa.

Ta ciki ake farawa, wato gefen da ke da maɓalli. Na waje an yi shi ne don kada ɓarawo ya kwance, a wasu ma sai an sa makulli an murɗa kafin ya saki, saboda haka ka rabu da shi. Haska wuyan mariƙin ciki, tsakanin dunƙulen da faifan, ka zagaya da ido har ta ƙasa. Ɗaya daga cikin abu uku za ka gani: 'yar tsaga doguwa, ko ɗan rami zagayayye kamar na allura, ko rami mai ɗan noti a ciki. In ba ka ga komai ba, kusan ko da yaushe fenti ne ya binne shi. Masu fenti ba su cika ɗaga buroshi in sun zo kan kuba ba, gidan da ya ga sallah talatin kuwa ka san fenti hawa nawa ke wurin. Kankare wuyan da reza a hankali har ƙarfe ya fito. Tsohon fentin mai yana iya ƙunsar dalma, don haka ka jiƙa wurin, ka share ɓarɓashin da tsumma, kada yara su taɓa.

Idan tsaga ce ko ɗan rami, ga yadda ake yi, kuma a nan mafi yawan mutane ke kasawa. Da farko tura mariƙin zuwa jikin ƙyaure, kamar kana so ya ƙara shiga. Sa'an nan ka danna ɗan ƙarfen da basilla ko bakin sukundireba. Yana danne, sai ka jawo mariƙin. Wanda ya fara ja kafin ya danna ya ɗora nauyin mariƙin a kan ɗan ƙarfen, ya matse shi, kuma ko zai kwana yana dannawa ba zai nutse ba. Nutsewar ba ta da yawa, milimita biyu ne ko uku, amma za ka ji ta a yatsa: abu mai laushi da ke turo ka baya. In ka ji tauri kamar ka doki bango, ramin bai yi saiti da ɗan ƙarfen ba. Bar basillar a ciki, ka murɗa mariƙin sannu a hankali dama da hagu har tsinin ya faɗa wurinsa.

In ya yi saiti amma ya ƙi motsi, ƙurar hunturu ce ta haɗu da tsohon mai ta zama kamar ƙaro, ko kuma tsatsa, musamman a ƙofar banɗaki. Ɗiga kananzir a ramin da kewayen wuyan, ka ba shi minti goma sha biyar zuwa ashirin. Ka ƙwanƙwasa wuyan da gindin sukundireba, ba da ƙarfi ba, don tsatsar ta saki, ka sake gwadawa. Sau biyu ko uku yakan isa. Man gyaɗa da manja kada su kusanci kuba. Ranar farko za ta yi santsi, bayan wata biyu su ne za su daskare su kama ƙura.

Idan kuwa ɗan noti ka gani a ramin, to babu abin dannawa, kwancewa ake yi. Yawanci na alanki ne, wato ɗan ƙarfen nan mai kusurwa shida da ake zurawa a ramin kan noti, milimita 2.5 ko 3. Amma kayan Amurka da inci ake auna su, kuma wanda aka fi samu shi ne 3/32 na inci, wato kusan milimita 2.4. Alanki mai 2.5 ba zai shiga ba, mai 2 kuma zai shiga yana lilo, ka murɗa sau biyu ya cinye kusurwoyin, shi ke nan ka ƙara wa kanka aiki. Share ramin da tsinke tukuna, ka gwada har ka sami wanda ya zauna daram. A tsofaffin gidaje irin na zamanin Turawa akwai wani nau'in kuma: notin mai tsaga ne, kuma mariƙin kansa ɗaure yake a kan sanda mai zare irin na noti. Bayan ka sassauta notin sai ka yi ta murɗa mariƙin hagu har ya fita, sandar ta biyo ɗaya mariƙin ta wancan gefen.

Mariƙi ya fita, saura faifai. Zagaya bakinsa da reza ka yanke fentin da ya haɗa shi da ƙyaure, in ba haka ba zai ɓamɓaro da fatar falanki. Nemi 'yar tsaga a gefensa, galibi ta ƙasa, ka sa sukundireba ka ɗaga, ka sa kwali a ƙarƙashinta don kada ta bar tabo. In babu tsaga, mai zare ne, murɗa shi hagu da tsumma a hannu. A ƙarƙashinsa za ka tarar da notin nan biyu. Suna fita, ka jawo gangar jikin kubar ta waje tare da mariƙin wajen. Notin da kansa ya cinye, shimfiɗa robar ɗaure kuɗi a kai ka danna sukundireba da ƙarfi kana murɗawa. In ya ƙi, a huda kan da injin huji har ya guntule.

Harshen kuba shi ne na ƙarshe, noti biyu a kaurin ƙofa. Yanzu in damina ce, katako ya sha ruwa ya kumbura ya riƙe shi, kada ka tone shi ta gaba. Zura sukundireba ta babban ramin ka turo shi daga baya.

Akwai ranar da duk wannan ba ya ci, idan sifirin ya karye a ciki ko tsatsa ta haɗe komai. Tunda ka riga ka sayi sabo, ba a jin tausayin tsohon: sa zarton ƙarfe ka yanke wuyan mariƙin ciki dab da faifai. Ƙarfen siriri ne, ba zai ɗauki lokaci ba, ƙyauren kuma lafiya lau.

Kafin ka yar da kwalin sabon, auna abu uku. Babban ramin ya zama milimita 54. Daga bakin ƙofa zuwa tsakiyar ramin ko dai 60 ne ko 70, kuma dole harshen sabon ya dace da wanda kake da shi, ko da yake wasu ana iya ja musu tsawo. Kaurin ƙyaure ya kasance tsakanin 35 da 45. In ramukan notin harshe sun buɗe, cusa musu tsinken ashana da gam na katako, ka bari ya bushe kafin ka ɗaure. Wajen sakawa, gefen harshe mai gangare ya fuskanci inda ƙofa ke rufewa. Tunda ɗakin yara ne, da za ka iya mayar da sabon mariƙin ka karɓo wanda ba shi da maɓallin kullewa, ko wanda ake buɗewa ta waje da kwabo, da ya fi. Ka gwada shi sau da yawa da makulli da maɓalli ƙofa tana buɗe, sa'an nan ka cire bulon.