Tambaya da Amsa: Me ya sa dashena ke mutuwa a hannun masu saye?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ina da ɗan lambun renon itatuwa a Garwa ta ƙasar Kamaru, kusa da kogin Binuwai. Ina sayar da mangwaro ɗan aure, gwaba, darbejiya da furanni. A wurina kore shar suke, amma bara mutum uku suka dawo suka ce mangwaron da suka saya ya bushe kafin sati biyu. Har ɗaya ya ce na cuce shi. Ina matsalar take? Daga mai karatu a Garwa.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Kafin ka zargi iri ko masu saye, je ka ɗaga ledar dashe ɗaya a layin da ya fi daɗewa. In ta ƙi tasowa, ka ja ka ji wani abu ya tsinke a ƙarƙashi, to ka kama ɓarawonka.

Mangwaro yana da uwar saiwa mai nutsawa ƙasa. In leda ta yi watanni a wuri ɗaya, saiwar sai ta huda gindinta ta shige ƙasar lambu, daga can take shan ruwa. Shi ya sa kake ganin ganye shar. Ranar ciniki ka fizge ledar, ka raba shukar da abin da take rayuwa da shi, mai saye ya ɗaure ta a bayan babur ya keta rana da ita. Ni ma ta faru da ni a Marwa farkon shigata sana'ar. Wani malamin makaranta ya dawo mini da sanduna busassu a cikin buhu, ya ajiye a gabana bai ce uffan ba. Har yau ina tuna nauyin da na ji.

Maganin ba ya cin ko sefa ɗaya. Duk bayan sati biyu ko uku ka riƙa gusar da ledojin, saiwar da ta leƙo ka datse ta da wuƙa mai kaifi tun tana siririya, ka ba da ruwa nan take. Shukar za ta yi ƙananan saiwoyi a cikin ledar, kuma su ne za su riƙe ta a sabon gida.

Sai rumfa. Zafin Maris da Afrilu a Garwa yana haura digiri 40, dole a yi inuwa, amma dashen da ya tashi ƙarƙashin zana da ruwa safe da yamma ya sangarce. In saura wata guda a fara ciniki, ka riƙa janye zanar kaɗan-kaɗan, ka rage ruwa, har su saba da rana.

Kada kuma ka bar mai saye ya tafi ba bayani. Ya jira damina ta zauna, wajen watan Yuli. Ya yanke ledar ya cire, domin na sha tono dashe na tarar an binne shi da ledarsa. Kada ya rufe gaɓar auren, wato inda aka haɗa reshen da tushen, da ƙasa, kuma duk tohon da ya fito ƙasa da ita ya cire shi, in ba haka ba mangwaron gida zai girbe.

Su kuwa mutum ukun nan, ka neme su bana ka ba kowa sabon dashe kyauta, har da wanda ya ce ka cuce shi. In da hali ka je ka dasa musu da hannunka, ka ga irin ramin da suke haƙawa.