Tambaya da Amsa: Mutum-mutumin Rezin na Sake-zubi da Zaɓen Alƙalamin Feshi

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a nan Yamai, a unguwar Yantala, kuma na daɗe ina haɗa ƙananan motoci da jiragen roba ina yi musu fenti da buroshi. Kwanan nan na ga ana tallar ƙananan mutum-mutumin rezin na jaruman zane-zanen Japan a intanet, irin waɗanda ke zuwa gaɓa-gaɓa ba tare da fenti ba, sai na lura siffa ɗaya tana da farashi biyu: a wani shago da tsada ƙwarai, a wani kuma bai kai rabin haka ba, an rubuta cewa sake-zubi ne. Mene ne bambancin, kuma in sayi mai arahar? Sannan ina son in bar buroshi in koma feshi, amma abin da na tara ba shi da yawa. Me ya kamata in fara saye?

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kafin mu je Japan, ka leƙa kasuwar Katako wajen masu zubin tukwanen dalma. Mai zubi yakan ɗauki tukunyar da aka riga aka yi, ya danne ta da damammiyar ƙasa har ta bar gurbinta, ya cire ta, sannan ya kwarara narkakkiyar dalma a cikin gurbin. Tukunyar da za ta fito ta ɗauko kamannin uwarta har da duk wata lotsawa da ke jikinta, kuma takan ƙara da nata aibin. Abin da masu sake-zubi ke yi ke nan, sai dai su da silikon, wata irin roba mai laushi, suke yin mazubin, abin da suke zubawa kuma rezin ne, wato ruwa iri biyu da ake haɗawa su daskare cikin 'yan mintuna su zama abu mai tauri.

Na asalin kuwa hannun masassaƙi ne ya fitar da shi. Yakan shafe watanni yana gyara siffa ɗaya, ya rarraba ta gaɓa-gaɓa, ya yi mazubi, ya zuba kaɗan, domin mazubin silikon yana fara lalacewa bayan an yi zubi 'yan gomomi a cikinsa. Wannan sana'a ta bunƙasa a Japan tun shekarun 1980, kuma babbar kasuwarta ita ce Wonder Festival, wadda kamfanin Kaiyodo ke shiryawa sau biyu a shekara a zauren Makuhari Messe da ke Chiba, kusa da Tokiyo. A can masu haƙƙin zanen kan ba ƙananan masassaƙa izinin kwana ɗaya tak, su sayar da abin da suka zuba a ranar bikin kaɗai. Wannan ne ya sa na asali yake wuyar samu, yake kuma tsada a hannun masu sake sayarwa, kuma ta wannan giɓi ne masu sake-zubi suka samu shiga, akasarinsu daga Sin da Tailan. Sukan sayi guda ɗaya su kwafe shi, masassaƙin kuwa ko dala ba ta shiga aljihunsa, haka ma mai haƙƙin zanen.

Tun da ra'ayina ka tambaya, ba zan ɓoye maka ba: cin gumin wani ne, kuma nisan Japan da Yamai bai sauya hukuncin ba. Na san hujjar da ake kafawa, cewa abin ya ƙare a kasuwa tuntuni kuma mai shi ba zai sake zuba shi ba, kuma na yarda wani lokaci gaskiya ne. Amma ga mai koyo irinka akwai hanyoyin da suka fi tsabta, suka kuma fi sauƙi. Kamfanin Bandai yana da jerin Figure-rise Standard, na roba ne masu izini, gaɓoɓinsu suna shiga juna ba tare da wahala ba, kuma hannunka ya riga ya saba da irin robar. Akwai kuma masassaƙan da ke sayar da fayil ɗin siffarsu kai tsaye, ka biya su, ka kai wa mai injin ɗab'i na 3D ya fitar maka.

Ko da an ajiye maganar haƙƙi gefe, araha ba ta ado. Kowane kwafi yana ɗan tsukewa idan aka gwada shi da uwarsa, layukan gashi da na yatsu da na fatar ido suna dusashewa, idan kuma kwafin kwafi ne sai ka ga fuska ta zama kamar sabulun da aka yi wanka da shi. Gaɓoɓi ba sa haɗuwa daidai, jiki yakan zo da ƙananan ramuka kamar zanzana saboda kumfar da ta maƙale lokacin zubi, kuma idan ba a auna ruwan nan biyu daidai ba, rezin ɗin yakan riƙa tsatso maiƙo har bayan watanni, fenti ya ƙi zama a kansa. Ni kaina na taɓa faɗawa, shekarun baya, lokacin ban san bambancin ba. Na jira kaya kusan wata biyu, da na buɗe kwalin sai na tarar da hannun hagu guda biyu, babu na dama, mai shagon kuma ya daina amsa saƙona. Idan duk da haka ka ƙudura sai ka saya, ka nemi hoton ainihin gaɓoɓin a shimfiɗe ba tare da fenti ba, ka ƙirga su, ka ƙura wa fuska da yatsu ido, domin hoton fentacce da suke sakawa a talla sau da yawa na asalin ne suka ɗauko.

Na asali ne ko kwafi, rezin yana da ladubbansa. Ana wanke kowace gaɓa da ruwan ɗumi da sabulun wanke kwanuka da tsohon buroshin haƙori, saboda man da ake shafa wa mazubi yana hana fenti kamawa. Gaɓar da ta lanƙwashe a tsoma ta cikin ruwan zafi har ta yi laushi, a miƙar da ita, a saka cikin ruwan sanyi. Gam ɗin da kake haɗa jiragenka da shi ba ya aiki a nan, domin shi narkar da roba yake yi, rezin kuwa ba ya narkewa da shi, sai dai sufa gulu ko gam mai haɗi biyu. Duk mahaɗar da za ta ɗauki nauyi a huda ta a saka guntuwar wayar tagulla, kuma a garinmu wannan wajibi ne: siffa mai sikelin 1/8, wato kashi ɗaya cikin takwas na tsawon mutum, takan kai tsawon santimita 20, mai 1/6 ta doshi 30, idan ta tsaya a kan siririyar ƙafa ɗaya cikin zafin Afrilu da Mayu, wanda ke wuce digiri 40, za ka wayi gari ta sunkuya. Gogewa da samfefa kuma a jiƙe ake yin ta, saboda ƙurar rezin tana cutar da huhu.

Akwai maganar da ba zan tsallake ba, ko da yake ba fagena ba ce. A mazhabar Malikiyya da muke bi, an hana yin siffar mai rai wadda take da inuwa kuma gaɓoɓinta suka cika, ban da 'yar tsanar wasan yara mata, sannan da yawa daga cikin siffofin nan na Japan shigarsu ba ta dace da ɗakin da iyaye ke shiga ba. Ka tuntuɓi malaminka. Duk abin da zan faɗa game da feshi yana aiki a kan mota da jirgi da gini kamar yadda yake aiki a kan siffa.

Yanzu ga alƙalamin feshi, ƙaramin abin fesa fenti da iska mai kama da alƙalami, wanda masu Faransanci ke kira ayerogaraf. Ka nemi mai aiki biyu, wanda idan ka danna kunamarsa iska ta fito, idan ka ja ta baya fenti ya biyo, domin da shi ne za ka iya rage fenti ko ƙara shi kana tsakiyar aiki, abin da inuwar fata da ta tufafi ke bukata. Ƙoƙon fentin ya kasance a sama, saboda fenti yana gangarowa da kansa, ba ya bukatar iska mai ƙarfi, kuma ko ɗigo biyar ka zuba zai fesa. Faɗin bakin ya zama milimita 0.3 ko 0.35. Masu koyo sukan ruɗu da 0.2 suna zaton shi ne na gwanaye, alhali toshewa kawai zai riƙa yi musu, 0.5 kuma ya fi dacewa da shafin farko da manyan wurare. Iwata Eclipse HP-CS na Japan mai 0.35 ne, Procon Boy PS-289 na GSI Creos mai 0.3 ne, Badger Patriot 105 na Amurka yana zuwa da 0.5, sannan akwai Ultra na kamfanin Harder & Steenbeck na Jamus, wanda aka yi domin masu farawa kuma bakinsa yana da sauƙin cirewa a wanke.

Duk da haka, shawarata ita ce kada ka zuba kuɗinka a alƙalami. Ka sayi mai araha na Sin ka koyi kwancewa da wankewa a kansa, domin kusan kowa sai ya lanƙwasa allurarsa ta farko, ka haɗa da allura da baki na ajiya tun a odar farko, tunda ba abin da za ka shiga Babbar Kasuwa ka tarar cikin sauƙi ba ne. Kaso mafi tsoka ka ba kwampreso, wato injin da ke hura wa alƙalamin iska. Ka nemi mai tanki, irin AS-186 mai lita 3, wanda ke da agogon daidaita iska da matarin ruwa. Tankin yana sa iska ta fito ba tare da shessheƙa ba, yana kuma ba injin damar hutawa, abin da ke da muhimmanci a ɗakin da ya ɗauki zafi, domin ƙananan injinan nan suna kashe kansu idan suka yi zafi da yawa. Kada ka sa rai zai riƙe ka idan aka ɗauke kuran, lita 3 ba ta wuce ka ƙarasa shafin da ke hannunka ka wanke alƙalami. Ka duba wutar da aka rubuta a jikinsa: tamu volt 220 ce, na kasuwar Amurka 110 ne, na Japan 100, saboda haka wanda aka yi domin Turai ne naka. Wajen lissafi kuma ka tuna yuro ɗaya sefa 656 ne, wato kayan yuro 100 sefa 65,600 ne kafin kuɗin jirgi da na duwan, kuma kwampreso abu ne mai nauyi.

Abu na uku, wanda shi ma ba a rage masa kuɗi, shi ne takunkumi mai mataci, wanda aka rubuta wa A2P3, harafin A na tururin diluwan, wato ruwan sirka fenti, P na ƙura. Takunkumin asibiti ko naɗin rawani ba sa tare tururin.

TAMBAYA: Malam, ni mai fentin babura ne a Tawa, ina da babban kwampreso da pistole a gareji. Ɗana yana son fentin ƙananan motocin roba. Kayan aikina za su yi masa?

AMSA: Maigida, kwampreson zai yi, pistolen ne ba zai yi ba. Bakin pistolen mota yakan kama daga milimita 1.3 zuwa sama, saboda haka feshi ɗaya zai binne duk wani ƙaramin zane da ke jikin motar yaron. Tankinka kuma yakan tara iska har bar 8 a agogon ƙarfin iska, alhali alƙalamin feshi yana aiki ne tsakanin bar 1 da 1.5, don haka sai ka saka masa madaidaicin iska na dabam a bakin tiyo, da matacin da ke tare ruwa da mai, tare da mahaɗin da zai rage girman bakin zuwa inci 1/8. Idan ka yi haka, yaron ya fi ɗalibin Yamai samun sauƙi, domin babban tanki idan ya cika zai ɗauke shi dogon lokaci ko babu wuta. Diluwan ɗinka na mota yana wanke alƙalami tas, amma kada ya kusanci jikin robar da shi, zai cinye ta, kuma yana lalata zoben roba da ke cikin alƙaluma masu araha idan aka jiƙa su a ciki. Kada kuma ya yi feshin a garejin lokacin da kuke goge-goge.

TAMBAYA: Ina da alƙalami da fentin Vallejo, amma minti biyu da farawa sai ya toshe, ko fentin ya sauka da gautsi kamar yashi. Alƙalamin ne ya lalace? Daga wata mai karatu a Talaje, Yamai.

AMSA: Malama, alƙalaminki lafiyarsa ƙalau, iskar garin ce. Vallejo fenti ne mai narkewa da ruwa, an yi shi a Sifaniya, kuma a busasshiyar iskar hunturu da bazara yana bushewa a kan tsinin allura, wani lokaci ma ya bushe a iska kafin ya isa jikin abin da ake fesawa, shi ne gautsin da kike gani. Ki sirka shi da diluwan ɗin kamfanin har ya yi ruwa-ruwa kamar madara, ki ɗiga masa maganin jinkirta bushewa, ki rage iska zuwa bar 1, ki matso da alƙalamin kamar faɗin tafin hannu daga aikin. Ki ajiye auduga jiƙaƙƙiya kusa da ke kina goge tsinin allurar lokaci zuwa lokaci, ki kashe fanka, ki yi aikin da sassafe kafin rana ta ɗaga. Fentin Mr. Color ya fi jure wannan matsala idan an haɗa shi da nasa diluwan mai jinkirtawa, sai dai yana kama wuta, masu jigilar kaya ta jirgin sama ba kasafai suke karɓarsa ba, kuma warinsa ba na cikin ɗakin kwana ba ne. Da zarar kin gama shafi ki kife roba mai tsabta a kan aikin saboda ƙurar hunturu, idan damina ta kama kuma ki riƙa zubar da ruwan da ke taruwa a matari da ƙarƙashin tanki bayan kowane aiki.