Tambayi Tsohon Soja: Kaki Yana Haɗa Mutum da Manya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Baba. Ni matashi ne daga unguwar Nima a Akra, ina shirin neman shiga soja. Wani kawuna da ya yi aiki a Burma Camp, hedikwatar sojojin Gana, kullum yana ba mu labarin shugabanni da 'yan ƙwallon da ya gani ido da ido. Da gaske soja yana haɗuwa da shahararrun mutane haka? Kuma ana barin mutum ya ɗauki hoto da su?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Kawunka gaskiya ya faɗa, sai dai akwai sauran zance. Sojan da aka kai gadin babban baƙo, yawanci ƙeya yake ba shi. Idonka yana kan jama'a, don ta nan ne matsala take ɓullowa.

A watan Maris na 1998 Bill Clinton, shugaban Amurka, ya zo Akra. Ina cikin waɗanda aka jera a Dandalin 'Yanci tun da sassafe. Ban taɓa ganin taro irin wannan ba a ƙasar nan, kai ka ce duk Gana ta kwaso ta zo bakin teku. Rana ta buɗe, mutane suna suma, ana ɗaga su ta saman kawuna ana fitar da su. Rawlings, shugaban Gana na lokacin, yana can bisa dandamali tare da baƙonsa, an yafa wa Clinton kente, saƙin gargajiya na Gana. Da ya sauko zai gaisa da mutane, sai turereniya ta kaure a jikin shingen ƙarfe, har shi da kansa ya riƙa ɗaga murya a ja da baya don kada a danne na gaba. Duk wannan, abin da na gani na Clinton shi ne farin gashinsa, na ɗan lokaci, da wutsiyar ido. Sauran a talabijin na kalla da dare, kamar kowa a zango. Amma tsohuwar da na janyo daga ƙarƙashin ƙafafun mutane, har yau ina tuna fuskarta, kuma ita ce dalilin da aka tsayar da ni a wurin.

Haɗuwar da ta fi yi mini daɗi, babu wanda ya shirya ta. Wata asuba muna gudun motsa jiki ta hanyar Teshie, samanja yana ba da waƙa muna amsawa, sai ga wani mutum shi ma yana gudu ta ɗaya gefen titi, ya jiƙe sharkaf da gumi. Azumah Nelson ne, ɗan Bukom, wanda ya doke Wilfredo Gomez a 1984 ya zama zakaran damben duniya. Babu rakiya, babu jiniya. Muka kwashe da ihun sunansa, ya ɗaga mana hannu, kowa ya ci gaba da gudunsa. Ranar ko samanja, da ba a ganin haƙoransa, sai da ya yi murmushi. Na daɗe ina tunanin mutumin da duniya ta san shi, amma ya riga mu tashi.

Kofi Annan kuwa, haifaffen Kumasi, mu da muka sa shuɗiyar hular Majalisar Ɗinkin Duniya a Labanan muna jin sa kamar namu, don ya riƙe sashen wanzar da zaman lafiya kafin ya zama Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya a 1997. Ban samu gaisawa da shi yana raye ba. Ranar 13 ga Satumba, 2018 aka binne shi a maƙabartar sojoji ta Burma Camp. Lokacin na riga na ajiye kaki, sai na tsaya a bakin hanya cikin farar hula na sara wa motar gawarsa.

Maganar hoto, cire ta daga ranka muddin kana bakin aiki. A zamaninmu babu wayar hannu, ku kuwa tana aljihunku, kuma ita ce za ta kai ka gadirum. Hoto ɗaya a Facebook yana iya nuna inda baƙo ya sauka, da ƙofar da ya bi, da yawan masu gadinsa. Idan babban mutum ya miƙo maka hannu, ka karɓa cikin ladabi, ka koma yadda aka tsayar da kai. In kana hutu, cikin kayan gida, ka gamu da ɗan ƙwallon Black Stars a Mamobi, wannan tsakaninku ne, ka nemi izininsa ka ɗauka.

Yanzu dai fara gudun asuba, ka haɗa takardun makarantarka wuri ɗaya, don horon kurata a Shai Hills ba ya raga wa kowa. Allah ya ba da sa'a, ka gaishe mini da kawun naka.