Mun sauya mai horar da dawakinmu, saura mako uku sukuwa

Tambaya: Assalamu alaikum. Mu biyar ne muka haɗa gwiwa muke riƙe da dawaki huɗu na sukuwa a wani ƙauye cikin ƙasar Ringim. Dattijon da ya shekara bakwai yana kula mana da su mun sallame shi bayan an cinye mu sau biyu a jere, muka ɗauko wani matashi. Ɗan ɗayanmu ne ya nuna mana a waya cewa ko Birtaniya sai da ta sauya kocin tawagar dawakinta kafin ta ci zinare. Sabon ya ninka musu gero, yana fitar da su sukuwa kullum da safe, yana kuma yi musu wata allura da ya ce ta ƙarfi ce. Yau kwana tara ke nan. Dokinmu bidi da muke ji da shi, bayan ƙwaurinsa na gaba na hagu ya yi ɗumi ya ɗan tasa, akawal kuma, wato baƙin dokinmu, kashinsa ya yi ruwa. Na yi magana, ya ce jiki ne ke karɓar aiki. Hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kafin komai, kada a sake ɗora wa bidin nan sirdi, ko da na kilisa ne, sai likitan dabbobi ya taɓa ƙafar da hannunsa. Ɗumi da tasawa a bayan ƙwauri, a dokin da aka ƙara wa gudu farat ɗaya, jijiya ce ta fara tsinkewa zare-zare har sai an tabbatar da akasin haka.

Labarin da yaron ya gani gaskiya ne, amma rabinsa ya karanta. Tawagar da ake magana ta gasar kwana uku ce, wadda doki ɗaya da mahayi ɗaya ke yin rukuni uku: tafiyar ladabi a fili, gudun daji da tsallake shingaye masu ƙarfi da ruwa, sai tsallaken sanduna. Birtaniya ta zo ta biyar a Olamfik na Riyo a 2016. Bayan nan Yogi Breisner, wanda ya daɗe yana jagorantar tawagar, ya sauka, aka kawo Chris Bartle daga Jamus a matsayin koci, Richard Waygood kuma ya karɓi ragamar tafiyarwa. Bartle ba baƙon aikin ba ne: tun 2001 yake tare da Hans Melzer a tawagar Jamus, suka ci zinaren Olamfik a 2008 da 2012. Birtaniya ta ci gasar duniya a 2018 a Amurka, ta ci zinare a Tokiyo a 2021, na farko tun 1972, ta sake ci a Faransa a 2024.

To duba lokacin da aka yi sauyin. An bari an gama babbar gasa, dawaki sun tafi hutu, sannan aka sauya, ana da shekaru a gaba kafin Olamfik ta zagayo. Jamus ma haka ta yi: Melzer ya sauka bayan Tokiyo, Peter Thomsen ya hau. Amurka ta rabu da Erik Duvander a ƙarshen 2021, aka ba Bobby Costello, suka ci azurfa a gasar duniya ta 2022 a Italiya. Babu wanda ya kori mai horarwa ana saura mako uku a shiga fili.

Abu na biyu ya fi wannan muhimmanci. Kocin tawagar ƙasa ba ya shiga barga ya auna wa doki hatsi. Kowane mahayi yana da bargarsa, da ɗan bargarsa, da likitansa, da mai gyara masa kofato, kuma duk waɗannan suna nan daram ranar da aka sauya koci. Aikin koci shi ne zaɓen waɗanda za su wakilci ƙasa tare da kwamitin zaɓe, da tsara gasannin da kowane doki zai shiga kafin babbar rana, da taka filin gudun daji da ƙafa tare da mahaya ana shawarar ta inda za a tunkari kowane shinge, da gyara wa mahayi zama da riƙon linzami. Laura Collett ta tawagar Birtaniya a kan doki ɗaya, London 52, ta ci zinaren tawaga na Tokiyo da na 2024. Dawakin da Bartle ya tarar yawancinsu sun shekara da shekaru ana gina su. Ku kuwa ba koci kuka sauya ba. Mutumin da ke riƙe da ciki da ƙafar dawakinku kuka sauya, ya zo ya birkita abinci da aiki a rana guda.

Nan ne inda nake so mu daɗe, don wannan maganar ba ta ƙarewa a wuraren masu dawaki daga Gumel har Kazaure: wai ƙarfin doki abu ne da gwani ke zubawa cikin 'yan kwanaki da hatsi da sirinji. Ba a fafe gora ranar tafiya, Alhaji, kuma jikin doki ba tare yake ƙarfafa ba. Zuciya da tsoka suna amsa horo da wuri, cikin mako shida zuwa takwas ka ga bambanci. Jijiya da ƙashi da gaɓoɓi sai an yi watanni. Shi ya sa makonnin farko na sabon horo suke da haɗari: doki yana jin ƙarfi, yana fizgar linzami, kowa a bakin fili yana cewa sabon hannu ya yi, alhali ƙafar ba ta kai ta ɗauki gudun da ƙirjin ke bayarwa ba. Dokin gasar kwana uku na babban mataki yana gudun mita 570 a minti ɗaya na kimanin minti goma yana tsallake, amma ba a sa shi sukuwa kullum. Ana fara shi da makonni na tafiya zalla bayan hutu, sai sassarfa, sai gudu mai sauƙi, kusan wata uku kafin ya shirya, kuma ko a lokacin gudu mai ƙarfi sau ɗaya ne a kwana huɗu ko biyar. Kwanakin da ke tsakani su ne jiki ke ɗinke abin da gudun ya ɓarka. Wanda ya cire su ya cire horon, ya bar wahala kawai.

Geron da aka ninka shi ne ke magana a kashin akawal. Cikin doki ƙarami ne, an halicce shi don ciyawa kaɗan-kaɗan yini guda. Idan hatsi ya yi yawa a ci ɗaya, abin da bai narke ba yakan wuce babban hanji, ya yi tsami, ya kashe ƙwayoyin da ke narka ciyawa. Daga nan sai zawo, ko ciwon ciki mai sa doki birgima da duban kwiɓinsa, ko kuma kumburin cikin kofato, wanda za ka ga doki ya miƙa ƙafafun gaba ya jingina da baya kamar mai taka garwashi. Wannan na ƙarshe yana iya raba doki da sukuwa har abada. Kowane sauyin abinci ana yin sa a hankali cikin kwana goma zuwa goma sha huɗu. Dokinmu na nan mai nauyin kilo 300 zuwa 350 kada hatsinsa ya wuce kilo ɗaya zuwa ɗaya da rabi a ci guda. Ka kai kwanon da ake awo da shi wurin mai sikeli ka san abin da yake ɗauka, don tiya ba ɗaya ba ce a ko'ina. Harawa da ingirici kuma kada su gaza kilo biyar a yini. Ranar da doki bai fita ba a rage masa hatsi rabi, in ba haka ba gobe ya fita tsokar cinyarsa ta ɗaure, ya tsaya cak yana gumi, fitsarinsa ya fito kamar ruwan shayi.

Sai allura. Babu allurar da ke sa wa doki ƙarfi. Abin da masu yawo da jaka ke ɗurawa yawanci maganin kashe zafi ne irin fenilbutazon, ko deksametazon, a haɗa da bitamin don ruwan ya yi launi. Ba sa warkar da jijiya, bakin ciwon kawai suke toshewa, doki ya daina ɗingishi ya taka ƙafar da ƙarfinsa duka. Zafin nan shi ne birkin da Allah Ya sa masa. Fenilbutazon a dokin da ke gumi bai sha ruwa sosai ba yana cin ƙoda, yana yi wa ciki miki, idan kuma ya zube a gefen jijiyar jini wuya ya kumbura naman wurin ya ruɓe. Deksametazon a kan dokin da aka cika wa ciki da gero ƙara kusantar da shi ne ga ciwon kofato. A gasannin da yaron ke gani a waya, ana sa kowane doki sassarfa a gaban alƙalai da likita kafin a fara, a sake ranar ƙarshe, mai ɗingishi a cire shi komai sunansa. Ana ɗibar jini da fitsari, in aka sami irin waɗannan magunguna mahayin ne ke ɗaukar hukunci. Mu kuwa a nan kowa ya shiga kasuwa ya sayo kwalba, babu mai tambayarsa takarda, ranar da doki ya faɗi a ce baki ne ko sammu. Ka ce a nuna maka kwalbar. In babu suna a jikinta, ko ya ce sirrin sana'a ne, kada allurar ta sake shiga bargar.

Abin yi daga yau. Bidi ya tsaya a turke a wuri mai taushi. A riƙa kwarara wa ƙafar ruwan sanyi na minti ashirin, sau uku a rana. Ruwan randa ya isa, in da ƙanƙara ya fi. Kada a murza, kada a shafa mai zafi, kada a yi sakiya ko lalas. Shafa ƙafafun gaba biyu tare da safe kafin rana ta fito, ka gwada ɗumin wannan da na waccan. Ka faɗa wa likita ranar da aka yi allurar ƙarshe, domin tana iya ɓoye ɗingishin lokacin da zai duba. Idan an ja shi da sassarfa a ƙasa mai tauri, kansa zai ɗaga duk sanda ƙafar mai ciwo ta taka. In jijiya ce da gaske, maganar wata tara zuwa shekara ake yi, sukuwar bana ta wuce shi.

Akawal a mayar da shi kan tsohon awonsa, ko ƙasa da haka, a ƙara masa harawa, ruwa kuma ya kasance a gabansa kullum, don a zafin nan doki mai aiki yana iya shan lita arba'in ko fiye. A sa masa gishiri kamar cokali biyu a rana. Ka duba zafin jikinsa safe da yamma: daidai shi ne digiri 37.5 zuwa 38.5 a ma'aunin Celsius, bugun zuciya kuma 28 zuwa 44 a minti yana tsaye. In ya ƙi abinci, ko kofatonsa ya yi zafi, ko bugun ya haura 50 yana hutawa, a kira likita a daren, kada a jira gari ya waye. Sauran biyun za su iya shiga sukuwar in ƙafafunsu sanyi kalau, amma a koma gudu mai ƙarfi sau ɗaya a kwana huɗu, na ƙarshe ya kasance saura kwana biyar.

Ban ce lallai ku mayar da dattijon ba, wataƙila da dalilinku. Amma ku biyar ku je ku gaishe shi da ɗan goro, a zauna da takarda a rubuta abin da ya sani: awon kowane doki, wanda ya taɓa ciwon ciki, ƙafar da ta taɓa tasawa da shekarar da ta yi, wanda ba ya shan ruwa a baƙon wuri, da ranar da aka ba su maganin tsutsa na ƙarshe. Sabon kuma a ce masa wata guda na farko kallo ne da riƙe tsarin da ya tarar, duk sauyin da yake so ya kawo shi ɗaya bayan ɗaya, bayan an gama sukuwa, kuma mabuɗin ɗakin hatsi ya zauna a hannun ɗayanku.